Jar Wuta a Akwatin Baba

Tudun Aduwa, ta Ollelewa
5 ga Oktoba

Zuwa ga taubashina Sahabi, a Agadas.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Rahamatu da yara. Yaya ƙafar? Gajere direba ya ce ya gan ka a ƙofar shagonka da sanda, ka naɗe ta da tsumma. Allah ya sawwaƙe. Mu nan lafiya lau. An gama yankan gero, bai cika rumbu ba amma an sami na kaiwa baki. Na so in hau tudu in kira ka a waya, sai na tuna ko na yi ihun da Tanout za ta ji, kai ba za ka ji ba, bugun ƙarfe ya cinye maka kunne. Shi ya sa na yagi littafin yaƙi da jahilcina. Ka yi haƙuri da rubutun.

Autata Zuhaira ta zo goyon ciki. Na fari ne, ya shiga wata na bakwai, haihuwar za ta faɗo tsakiyar ɗari. Mijinta Sidi yana Aljeriya wajen aikin gini, babu mai tara mana itacen wanka. Ka dai san jego: kwana arba'in, safe da yamma, ruwa sai ya tafasa. To da me zan tafasa shi? Dajin da ka sani ya ƙare. Aduwar da garin nan ya ci sunanta saura uku, su ma ma'aikatan gandun daji sun sa musu ido. Kara da kashin shanu muke ƙonawa, tuwo ma da ƙyar yake nuna.

Ba na barci da daɗi, Sahabi. Ka tuna Fa'iza, 'yar Gwaggo Husaina ƙanwar mahaifiyarka, da ta rasu cikin jego aka ce sanyi ne ya shige ta. Gwaggo tana nan gidan tare da mu, kuma kullum sai ta dubi cikin Zuhaira ta dubi wajen ajiye itace, ba ta cewa komai. Da ma faɗa take yi, da ya fi mini sauƙi.

Shekaranjiya ina share ɗakin Baba sai idona ya faɗa kan farin akwatin ƙarfen nan mai ido huɗu, wanda Nasarawa masu haƙa rijiya suka bar masa lokacin da yake yi musu kuku a Tanout. Tun rasuwarsa kwanoni muke jerawa a kai. Cikinsa kuwa wata baƙar kaza ta maishe shi gidanta, a nan take ƙwai. Tsatsa ta ci gefe ɗaya, amma ƙofarsa tana buɗewa, mamurɗansa biyar duk suna nan.

Kai ne mai gyaran murhun gas. Zai tashi? In zai tashi ka faɗa mini yadda zan yi, dalla-dalla, kamar kana koya wa jaka. In ba zai tashi ba ka faɗa mini da wuri in san inda zan kai kukana. Ka ba Gajere amsa, ya bar ta shagon Rissa a bakin titi, ranar kasuwa za a kawo mini.

Uwargijiyarka, 'yar namiji,
Balki

*

Agadas
19 ga Oktoba

Zuwa ga Balki.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna Husaina da kyau, ina gaida Zuhaira da nauyin jiki. Allah ya raba lafiya. Rahamatu tana gaishe ku. Ƙafa tana nan, ciwon suga ne ya buɗe ta, an hana ni tafiya mai nisa. A zaune nake aiki.

Wasiƙarki ta sa ni dariya, ta kuma sa ni ƙwalla. Ashe akwatin Kawu Mailafiya yana nan. Mu a sana'a kwiziniya muke ce masa. A kansa na fara sanin mene ne gas, kuma ina gaya miki irinsa ba a yi yanzu. Na yanzu gwangwani ne, shekara biyu sun lotse. Zai tashi, da tsohuwar zuma ake magani.

Ga abin da na ba Gajere: sabon tiyo, da kan tukunya mai daidaita gas, da maɗauri biyu, da siririyar waya, da ƙaramar tukunyar gas cike. Tsohon tiyon ki cire ki jefar, ko da kin ga kamar yana da kyau. Na san ki da adana abin da ya mutu.

Ki fara korar kazar. Idanun huɗu na sama ana ɗaga su, ki ɗaga ki jiƙa cikin ruwan tsamiya kwana ɗaya, ki goge da toka, ki bi ƙananan hujojin ɗaya bayan ɗaya da wayar. Su bushe ƙarau kafin ki mayar. Ki sa tiyon, ki matse maɗaurin har sai hannunki ya yi zafi. Sannan ki kaɗa sabulu ya yi kumfa, ki shafa a duk mahaɗa, ki buɗe tukunyar. In kumfa ta kumbura, gas na fita, ki rufe ki sake ɗauri. Kada ki gwada da ashana. Na sake faɗa, kada ki gwada da ashana, kuma kada ki bar wani mai ƙarambani ya gwada miki.

Wajen kunnawa, ashana tukuna, sannan ki murɗa. Wutar ta fito shuɗiya. Abu ɗaya da ba ya so shi ne iska. In ta busa ta kashe wutar, gas ya ci gaba da fita ba ki sani ba. Ki kare shi daga iska ta kowane gefe.

Mamurɗi na biyar na cikinsa ne, inda Kawu yake gasa wa Nasarawa burodi. Wannan ki bar shi kawai, ba ki da burodin gasawa.

Ƙaramar tukunyar ta gwaji ce. Ki koya da ita a hankali, ki rage saura don kwanakin farko na wanka. Babbar zan nemo, sai dai Gajere yana tsoron ɗaukarta cikin kayan mutane, ina lallashinsa.

Ki kwantar da hankalinki. Ruwa zai tafasa.

Ɗan mace mai biyayya,
Sahabi

*

Tudun Aduwa
12 ga Nuwamba

Taubashina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi. Mu muna lafiya, sai Zuhaira da ƙafafunta suka ɗan hau. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin Ollelewa, ya duba ta ya ce ta rage gishiri.

Ya tashi, Sahabi. Kwana shida na yi a kansa. Da na goge shi sai ga fari tas, har da wani rubutu a goshinsa da ban iya karantawa ba. Kumfa ta kumbura sau ɗaya a wajen tukunya, na kwance na sake, ta kwanta. Ranar da zan kunna matan unguwa suka cika gidan, amma kowacce ta tsaya inda za ta iya gudu. Ashana uku suka mutu a hannuna. A ta huɗu ya ce fuu, ido ya kama, shuɗi kewaye. Na zauna a ƙasa na yi kuka, don sai na ga kamar Baba zai shigo da farar rigarsa ya ce in matsa.

Na dafa shinkafa da wake a kai, sannan miyar kuɓewa. Ba hayaƙi, ba hawaye, gindin tukunya fes. Tuwo ne bai yi ba, tukunyar tana zamewa in ana tuƙi, na mai da shi murhun ƙasa. Garwar ruwa kuwa kafin in gama tankaɗe ta tafasa.

Gwaggo ba ta gamsu ba. Ta zagaya shi, ta miƙa hannu, ta ce, "Wannan wuta ce ko zane? Wutar da ba ta ja, ba ta hayaƙi, ita za ta gasa maijego?" Na ce ai ruwan ya tafasa. Ta ce, "Ruwa daban, ɗaki daban. Gadon fa, da me za ki ɗumama shi?" Ka san gadon ƙasar nan da ake zuba garwashi ƙarƙashinsa. Kara ba ya garwashi, minti kaɗan ya zama toka.

Kazar ba ta haƙura ba. Na kore ta ya fi sau goma, yanzu ƙarƙashinsa take kwana.

Sai maganar tukunyarka. Na san 'ya'yan mace da rowa, amma taka ta yi yawa. Wannan ai tulun yara ne. Na daina girki da ita, na rufe na ajiye. Ka matsa wa Gajere.

Balki

*

Agadas
3 ga Disamba

Balki, sallama da gaisuwa gare ku duka. Na ji daɗi ƙwarai. Na karanta wa Rahamatu wajen da matan suka tsaya shirin gudu, ta yi dariya har na ga haƙoranta na baya, ko da ban ji sautin ba.

Maganar gado ki bar Inna Husaina da ra'ayinta, ki samo bargo biyu. Na aiko da ɗaya cikin wannan ƙunshin, da ɗan yaji da kanwa daga Rahamatu.

Gajere ya yarda, amma sai zuwan da zai yi na ƙarshen wata, lokacin da zai ɗauko gishiri kaɗai ba fasinja. Babbar tukunya tana nan na cika ta na ajiye. Ki sanar da ni da zarar an sauka.

Sahabi

*

Tudun Aduwa
25 ga Disamba

Zuwa ga Sahabi,

Bayan gaisuwa, albishirinka. Zuhaira ta sauka ranar Laraba da hantsi, namiji, ƙato, mai kan kakansa. Jibi suna. Sidi ya aiko a sa masa Abdulgafar. Na yi sabon miji, ka nemi wata uwargijiyar. A gaida Rahamatu, yajin ya yi.

Wanka yana tafiya daidai, ruwa yana tafasa safe da yamma. Sai dai ɗarin bana ban taɓa ganin irinsa ba, ruwan randa kamar ya yanke yatsa. Kwana biyu da haihuwa Gwaggo ta taɓa bangon ɗakin, ta taɓa ƙafar Zuhaira, ta fito ta zauna bakin ƙofa tana kuka. Ta ce haka ƙafar Fa'iza ta yi sanyi.

Sai Allah ya ba ni dabara. Na ce bari in gwada mamurɗi na biyar ɗin da ka ce ba ni da burodin gasawa. Na sa ashana, ya kama. Kuma ba irin ta sama ba ce. Wannan ja ce, doguwa, tana lasar rufin cikinsa, wuta ta sosai irin ta itace, har tana baƙanta ƙarfen. Gwaggo ta gani ta ce, "To, yanzu na ga wuta." Muka kira maza huɗu suka shigar da akwatin ɗakin maijego, kusa da gado. Na bar ƙofar cikinsa a buɗe, zafi yana fitowa. Na tuna ka ce a kare shi daga iska ta kowane gefe, sai na cusa tsumma a tagar, na toshe ƙasan ƙyaure, na rataya bargonka a ƙofa. Ko zare ba ya motsi a ɗakin. Ya yi ɗumi har mutum yana gumi.

Duk da haka ina jin sanyin ya riga ya shigi Zuhaira. Tun ranar take kukan ciwon kai, ta ce kamar ana sara, ga jiri, ta yi amai sau biyu. Ni ma in na daɗe a ciki kaina yana nauyi, amma ni gajiya ce. Gwaggo ta ce a ƙara wuta, na murɗa har ƙarshe. Angona dai ba ruwansa, ban taɓa ganin jariri mai haƙurinsa ba. Barci kawai, ba ya kuka, nono ma sai an tashe shi an matsa masa.

Baƙar kazar nan ta bi akwatinta ɗakin. Jiya muka same ta ƙarƙashinsa ta mutu, ba ciwo ba komai. Tsufa ne, ina ji.

Jiya ɗin da azahar tulun yaranka ya ƙare, wuta ta yi ƙasa ta mutu. Ka ga abin da rowarka ta jawo. Yau da kara muka yi ruwan wanka, ɗakin ya koma sanyi ƙalau. Allah dai ya taimaka, yau Zuhaira ta tashi da ɗan sauƙin kan, har ta sha kunu kofi biyu, yaron ma ya yi kuka. Amma ina tsoron kwanakin nan da za ta yi ba wuta.

Don girman Allah ka sa babbar tukunyar a motar Gajere. Tana isowa zan kunna, ba zan kashe ba sai an yi arba'in.

Balki

*

Agadas, Alhamis 28 ga Disamba

Balki, buɗe ƙofar ɗakin nan. Ajiye takardar, je ki buɗe ƙofa, ki cire tsumman taga, ki rufe tukunyar, ki fito da Zuhaira da yaron waje. Sannan ki dawo ki karanta sauran.

Ba sanyi ba ne. Wutar ce. Jar wuta a murhun gas wuta ce da ba ta samun iska, wani abu ya toshe bututun cikinsa, mai yiwuwa gidan zanzaro. Irin wannan wuta tana fitar da guba, ba ta da wari, ba ta da hayaƙi, ba a ganinta. A ɗaki rufe tana sa ciwon kai, da amai, da barci, daga barcin ba a tashi. Ita ta kashe kazar. Haƙurin da kika ce yaron yana da shi ba haƙuri ba ne. Sauƙin da Zuhaira ta samu kuwa don gas ya ƙare ne.

Ko shuɗiya ce ba a ɗumama ɗaki da ita. Da na ce a kare shi daga iska, ina nufin zana ko bango a gefen da take busowa, a waje, ba a rufe shi da mutum ba.

Babbar tukunyar ta riga ta taho. Yau da safe Gajere ya miƙo mini wasiƙarki, na sa ta aljihu, na tsaya ina nuna yadda za a ɗaure tukunyar a motar. Sai da ya tafi na koma shago na buɗe. Na sa maƙwabcina ya kira Gajere, ya kira Rissa, ba wayar da ta shiga. Wannan zan ba mai motar safe, na roƙe shi ya sa mai moto, wato ɗan babur, ya kawo miki har gida.

Kada ki kunna. Ko Inna Husaina ta yi kuka, ko ta yi fushi da ke, kada ki kunna. In kin riga kin kunna, ku kai su asibitin Tanout ko sun ce sun warke, ki gaya wa likita hayaƙin gas ne a ɗaki rufe.

Sahabi

*

Agadas
5 ga Janairu

Balki,

Sallama. Ina gaishe ku, in akwai halin amsa gaisuwa. Yau kwana takwas ban ji komai ba.

Mai motar ya dawo, ya rantse ya ba wani mai moto takardar a bakin titi, amma bai san sunansa ba. Gajere ya wuce Damagaram, an ce motarsa ta lalace a can. Wayar Rissa ta shiga sau ɗaya, matarsa ta ɗauka, ta ce tukunya dai an ɗauke ta a amalanke ranar Asabar da safe, sauran ba ta sani ba. Kullum Rahamatu tana riƙe ni har tasha, in zauna ina duba bakin mutanen da suke saukowa, ko zan gane sunan garinku a leɓen wani.

Laifin nawa ne, ba naki ba. Na san abin nan tun ina saurayi. Kawu bai taɓa rufe ƙofar madafa ba in cikin akwatin yana ci, komai ɗari, kuma ya faɗa mini dalili. Ni kuma da na zo rubuta miki sai na mai da abin wasa, wai ba ki da burodin gasawa. Layi ɗaya ne zan ƙara. Na tsaya ina ja miki kunne kan ashana har sau biyu, na bar wanda yake kisa shiru. Kin gaya mini maganar gadon ma, na ce ki samo bargo. Na daɗe a birni har na manta yadda ake tsoron sanyi a ɗakin jego.

Ba na iya cin abinci. Jiya an kawo mini wani murhu gyara, na kunna ya ba da jar wuta, na kashe na rufe shagon.

In abin ya faru ki faɗa mini kai tsaye, kada ki ɓoye don ƙafata. In ban ji daga gare ki ba zuwa Asabar ta sama, zan sa a ɗora ni a mota ko ƙafar za ta ruɓe a hanya.

Sahabi

*

Tudun Aduwa
9 ga Janairu

Zuwa ga ɗan'uwana Sahabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Rahamatu, ina gaida yara ɗaya bayan ɗaya. Suna da rai, su biyun. Na sa wannan a sama don kada ka sha wahalar da na sha wajen karatu.

Tukunyar ta iso ranar Asabar da hantsi. Na yi guɗa. Na haɗa, na shafa kumfa yadda ka koya mini, na kunna jar wutar nan, na gyara tsumman taga, na ja ƙyaure na saki bargo. Gwaggo ta tafi barka maƙwabta. Ni na zauna tsakar gida ina dama kunun kanwa, raina fari, ina cewa yau 'yata za ta yi barci mai daɗi.

Wajen azahar mai moto ya yi sallama ya miƙo takarda. Na ba shi ruwa, na buɗe. Ka san karatuna, sai na bi baƙi ɗaya-ɗaya. Abin da na fara nema shi ne sallama, ban gan ta ba. Ba gaisuwa, ba a gaida Inna Husaina, ba barka da haihuwa. Raina ya ɓaci. Na ce lallai ɗan mace ya yi ƙiba, an yi masa jika ko barka babu. Na ninke ta na danne da faifai, na koma kan kununa, na ce sai na ga dama.

Ban san ko juyi nawa na yi wa kunun ba. Sai na tuna takardar da ka aiko mana ta rasuwar mahaifiyarka. Ko a cikinta sai da ka yi layi uku na gaisuwa kafin ka faɗa. Mutumin da bai bar gaisuwa ranar mutuwar uwarsa ba, me zai sa ya bar ta yau? Na ɗaga faifan. Da na kai "buɗe ƙofar" ban ƙara ba.

Zuhaira tana kwance idonta biyu, ta kasa ɗaga hannu. Ta ce, "Inna, kaina," shi ke nan. Yaron yana gefenta, na ɗauke shi ya langaɓe a hannuna kamar jiƙaƙƙen zane. Na girgiza shi, na hura masa fuska, ko motsi. Allah ya sa mai moton bai tafi ba, yana shan ruwansa. Shi ya ciro Zuhaira waje, ya rufe tukunyar. Na goya yaron na hau bayansa har titi, aka biyo mu da ita a amalanke, muka sami mota zuwa Tanout.

Kwana shida muka yi a asibiti. An sa musu abin shaƙar iska a hanci. Ita washegari ta zauna. Shi sai da ya kwana uku yana buɗe ido yana rufewa, ba kuka, ana ɗiga masa nono da cokali. Likita ya tambaye ni me aka ƙona a ɗakin, na miƙa masa takardarka. Ya karanta, ya dube ni, ya ce da an ƙara awa ɗaya da ba nan za a kawo su ba. Ban aiko maka ba don ban san wane labari zan aiko ba, ban so in ba ka rabi. Ka yafe mini kwanakin nan.

Kada ka ƙara cewa laifinka ne. Kai ka bar layi ɗaya, ni na toshe taga da hannuna, na ji kaina yana nauyi na ce gajiya ce, na ga kaza a mace na ce tsufa. Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Wannan zai zauna mini har kabari, kuma ba na so a rage mini shi.

Da muka dawo, Gwaggo ta riga ta cire tsumman tagar da kanta, ta ninke bargon. Da yamma muna zaune ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Fa'iza ma kan garwashi muka rufe ta. Ita ma kanta ta ce." Na riƙe mata hannu har aka kira magariba.

Akwatin yana waje ƙarƙashin rumfa, na kafa masa zana ta gabas. Da farko na ce a kai shi bola, sai Zuhaira ta ce ba shi ya rufe ƙofa ba. Jiya na kwanta a ƙasa na zura wayarka cikin bututun. Gidan zanzaro ne, kamar yadda ka ce, har guda biyu, busassu, wa ya san shekarunsu. Na kakkaɓe na kunna. Shuɗiya ce, gajera, ba ta da kwarjini ko kaɗan. A ciki na gasa mata naman jego da yajin Rahamatu, ta cinye har tana neman ƙari. Ɗakin kuwa bargo biyu, taga a buɗe.

Likita ya ce mu mai da yaron bayan wata ɗaya a sake dubawa, kuma mu lura da yadda yake kama nono da yadda yake bin mutum da ido. Ina lura. Ba zan ce maka hankalina ya kwanta ba.

Kada ka hau mota, ka zauna ka yi jinyar ƙafarka. Tun da na fara shafin nan Abdulgafar yake tsala kuka, fuska ta yi ja, ya hana kowa sakat. Gwaggo ta ce a ba shi nono ya yi shiru, na ce a ɗan bar shi tukuna. Ka fito ƙofar shagonka ka juyo kudu, ina jin wannan ko kai sai ka ji.

'Yar'uwarka,
Balki